Tare Za A Goge Mu

A hawa na biyu na tsohon ginin sashen tattalin arziki, idan ka wuce ɗakin taro da banɗakin da famfonsa ba ya rufuwa, akwai wani ɗan ofis mai taga ɗaya. Nan Baba Tafireta ya yi shekara ashirin da tara yana zaune. Tafiretar da aka laƙaba masa sunanta ta daɗe da tafiya sito, kwamfuta uku sun zo bayanta sun mutu a kan teburin, amma sunan ya zauna daram. Ko Farfesa, shugaban cibiyar, idan zai gabatar da shi ga baƙi sai ya yi jim yana laluben sunansa na yanka, sannan ya haƙura ya ce, "Wannan shi ne Babanmu."

Aikin cibiyar shi ne nazarin bankuna da dokokin da ake gindaya musu. Malamai shida ne, da ɗalibai masu zuwa su wuce, da sakatariya ɗaya, da wani injiniyan kwamfuta da suke karɓa-karɓa da sashen lissafi. Su ke rubuta rahotannin da hukumar sa ido kan bankuna takan karɓa hannu biyu, ta yi godiya, wani lokacin ma ta karanta. Baba bai taɓa cewa yana gane duk abin da yake bugawa ba. Ya buga "jarin da doka ta wajabta wa banki ya ajiye" sau ba adadi kafin ya tambayi ma'anarsa. Da aka yi masa bayani sai ya ce, "Wato dai kada manomi ya cinye irin shuka." Farfesa ya ɗauki maganar ya kai ta taro uku, ya sha tafi, bai faɗi inda ya samo ta ba. Baba shi ya buga jawaban guda uku.

Ɗan tela ne. Da ya gama sakandare, mahaifinsa ya ce idonsa ba zai jure allura ba, ya kai shi makarantar koyon bugu ta wata tara, inda malamar ke kifa musu kwali a kan hannu don kada su leƙa haruffa. Ya yi shekara huɗu a kotu yana buga shari'a, can ya koyi abin da ya riƙe har tsufa: ba a gyara wa mutum magana. Idan shaida ya yi in'ina, in'inar za ka buga. Daga nan ya dawo jami'a, ya yi aure, suka haifi uku. Babban yana da shagon gyaran firji. Ta tsakiyar ma'aikaciyar jinya ce, aure ya kai ta nesa. Sai Auta.

Da kwamfuta ta shigo kowane malami ya koyi buga wasiƙarsa da yatsa biyu, aikin Baba ya koma kwafe hira. Malamai su fita su ɗauko muryoyin mutane a rikoda, shi kuma ya sa hedifon ya saurara ya mayar da su rubutu. Yana sa T a gaban maganar mai tambaya, A a gaban ta mai amsa, lamba a madadin suna. Komai yake sa wa. Idan an yi tari ya rubuta tari. Idan an yi shiru ya ƙirga daƙiƙa ya rubuta yawansu, domin a cewarsa mutumin da ya yi shiru na daƙiƙa tara kafin ya ce "ba komai" ba daidai yake da wanda ya faɗa nan take ba.

Auta ta karanci tattalin arziki, ta shigo cibiyar yin digiri na biyu, aka ɗauke ta mataimakiyar bincike. Ranar farko da ta ji ɗalibai da malamai har da mai shara suna kiransa Baba, ta tsaya a ƙofar ofishinsa ta riƙe ƙugu ta ce, "Ashe nan ake rabon ubana ban sani ba. To ni me zan kira ka da shi?"

"Kira ni abokin aiki."

"Abokin aiki, a ba ni na mota."

Binciken da aka sa ta a ciki na ƙananan masu ajiya ne: 'yan kasuwa, 'yan fansho, masu wanki da guga. Ana son sanin abin da ke faruwa da su idan suka kai ƙorafi banki, wa ke sauraronsu, kwana nawa suke zarya, wa ya taɓa gaya musu akwai inda za su ɗaukaka ƙara. Mutane suka riƙa noƙewa. Kowa yana tsoron maganarsa ta koma kunnen manaja a rufe masa asusu, ko a sa masa ido. Saboda haka cibiyar ta tsara takardar amincewa, Baba ne ya buga ta, wadda ta yi wa kowane mai amsa alkawari biyu: ba za a ambaci sunansa ba, kuma da zarar rahoto ya fito za a goge muryar da aka ɗauka. Da wannan takarda Auta ta shiga kasuwa da tasha da layin karɓar fansho. Hira tamanin da huɗu ta yi a wata biyar.

Mako biyu bayan ta ƙarshe zazzaɓi ya kama ta. Kwana huɗu ta yi. Ta rasu ranar Talata da hantsi, tana da shekara ashirin da shida, lokacin Baba yana layin kantin magani na asibitin. Ya dawo da allurar da aka rubuta a cikin leda, ya tarar an riga an ja labule. Ledar tana hannunsa har gida, sai da Babban ya ɓamɓare yatsunsa ya karɓa.

Ya koma aiki bayan kwana tara. Cikin hirarrakin, sittin da ɗaya ba a kwafe ba. Farfesa ya shigo da kansa, ya zauna a kujerar baƙi mai ƙafa ɗaya gajera, ya ce za a ba wani ya ƙarasa.

"Wa zai gane maganarta, ranka ya daɗe? Haɗiye ƙarshen kalma take yi. Tun tana ƙarama nake fama da ita."

Farfesa ya dube shi, ya dubi hedifon ɗin, ya tashi ya fita.

Haka Baba ya yi wata goma sha ɗaya yana zuwa ƙarfe takwas, ya goge tebur, ya sa hedifon, Auta ta yi masa magana har ƙarfe huɗu. A da, hirar awa ɗaya kwana ɗaya da rabi take ɗaukarsa. Yanzu takan kai mako. Ba wanda ya yi masa maganar jinkiri. Sakatariya, wadda bakinta ba ya shiru ko a ɗakin jarrabawa, ta koyi tura ƙofarsa a hankali ta ajiye masa shayi ta fita.

A gida ba su da muryarta. Ba mai son aika saƙon murya ba ce, rubutu take yi, ta ce 'yar mai tafireta ce. Wayarta a kulle take, mai gyaran da aka kai wa ya buɗe ta ta hanyar da ya iya, komai ya tafi. Akwai bidiyon bikin Babban, ana ganinta tana magana da wata a gefe har tana dafa kafaɗarta, amma kiɗa ya danne. Baba kuwa bai taɓa fita da aikin ofis ba, ko takarda ɗaya. Idan ya dawo da la'asar, matarsa, wadda shi ma yake kira Umma kamar yadda yaran ke yi, takan jira ya cire takalmi ya sha ruwa, sannan ta ce, "Yau me ta ce?" Shi kuma ya tsinto abin da ba na kowa ba ne ya ba ta. Yau ta yi atishawa sau uku ta ba da haƙuri. Yau wani tsoho ya ce zai aure ta, ta ce sai ya fara samo katinsa da injin cirar kuɗi ya haɗiye. Umma ta yi murmushi ta tashi ta shiga kicin.

Rahoton ya fito a farkon wata, shafi ɗari da arba'in, bango shuɗi, da sunan Auta a shafi na biyu. Ranar Litinin da ta biyo baya Sakatariya ta shigo ba shayi a hannunta, sai takarda ɗaya. Ta ajiye ta a kife.

"Baba, wallahi ni aike ce."

Ya juya takardar. Shaidar goge muryoyi ce. Masu ba da tallafin binciken suna son ta kafin ƙarfe huɗu na ranar Juma'a, idan ba haka ba ba za su rufe aikin ba, ba kuma za su buɗe na gaba ba. Wurin sa hannu uku ne: shugaban cibiya, injiniya, da mai adana bayanai. Mai adana bayanai shi ne Baba. Ya karanta ta sau biyu, ya ga an bar harafi ɗaya a layi na huɗu, ya ɗauki biro ya gyara.

"Wa ya buga wannan?"

"Ni ce. Ban lura ba."

"To ki riƙa dubawa."

Ya san da zuwan ranar, shi ya buga alkawarin. Amma sani daban, ganin takarda daban. Ya zauna har azahar bai kunna kwamfutar ba, sannan ya gyara hularsa ya nufi ofishin Farfesa.

Farfesa mutum ne da ya yi shekara talatin yana rubuta cewa doka ba ta da amfani idan mai tsaronta yana ɗaga wa na kusa da shi ƙafa. Yana da lacca guda a kan haka wadda ɗalibai suka haddace. Da Baba ya gama magana, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin rigarsa.

"Baba, da nawa ne, da na ba ka har da kwamfutar. Amma muryoyin nan ba nawa ba ne, ba kuma na cibiya ba. Aro aka ba mu."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ba tasu nake so ba. Tata kawai."

"Canza ko layi ɗaya a alkawarin nan sai kwamitin ƙa'idojin bincike ya zauna."

"Yaushe za su zauna?"

Farfesa ya duba kalanda, ko da yake ya sani. "Nan da mako bakwai."

Ya ɗauki waya a gaban Baba ya kira shugabar kwamitin. Ta yi ta'aziyya mai tsawo, ta ce ita ma uwa ce, ta ce ita kaɗai ba kwamiti ba ce, biyu daga cikinsu kuma sun yi tafiya. Ya rubuta wa masu tallafi yana neman ƙarin lokaci. Amsa ta zo washegari, cike da ladabi: an riga an ƙara wata bakwai saboda rashin da aka yi, tsarinsu ba ya karɓar ƙari na biyu. Ba wanda ya yi wa Baba rashin mutunci a makon nan. Da ma an yi, da ya sami wanda zai ji haushi.

Injiniya ne ya kawo shawarar yanka. Mutum ne mai ƙiba da son raha, wanda ke kiran kowace kwamfuta "hajiya" idan ta ƙi tashi. Ya ce muryar ma'aikaciyar cibiya ai ba sirrin kowa ba ce, idan aka tsame maganar Auta kaɗai aka zubar da sauran, ba a karya alkawarin kowa ba. Farfesa ya ce a gwada ya gani. Ranar Laraba suka zauna su biyu a ofishin Baba, Injiniya yana yanka, Baba yana nuna masa wuri daga rubutun da ya kwafe.

Ba su yi rabin awa ba Injiniya ya janye hannunsa daga kwamfutar.

"Baba, 'yarka ba ta bar mana wurin sa wuƙa ba."

Auta tana da wata ɗabi'a. Duk abin da mutum ya faɗa sai ta maimaita masa kafin ta yi tambaya ta gaba. "To, Mama mai kifi, kin ce sau huɗu kika je reshen da ke bakin tasha, na huɗun ne mai gilashin nan ya ce ki daina damunsu, haka ne?" Ta kira mutum da sana'arsa, ta ambaci layinsu, ta faɗi ranar da abin ya faru. Ko an cire muryar mai amsa gaba ɗaya, duk labarinsa yana bakinta. Wanda ya san kasuwar zai nuna rumfar da yatsa.

"Wa ya koya mata wannan?" in ji Injiniya. "Malaman nan ba haka suke yi ba, su tambaya kawai suke jefawa kamar 'yan sanda."

Baba ya san amsar. Shi ne. Tun suna yara, idan ya aike su sai sun maimaita masa saƙon kafin su fita, kamar yadda ake karanta wa shaida maganarsa a kotu kafin ya sa hannu. Sauran biyun sun watsar da girma ya zo. Ita ta riƙe.

"A gida ta koya," ya ce.

Suka bi fayil bayan fayil har la'asar. Abin da ya tsira daga wuƙar bai taka kara ya karya ba: "to," "na'am," "sannu," guntaye da idan aka jera su sai su yi kama da kukan tsuntsu. Wuri ɗaya ne kawai take magana mai tsawo ba sunan kowa ba labarin kowa, wato farkon kowace hira, inda take gabatar da kanta ta karanta takardar amincewa. Daƙiƙa arba'in, wani wurin arba'in da biyar. Baba ya zaɓi ta hira ta arba'in da bakwai, saboda a tsakiyarta wani mai talla ya wuce yana ihu, ta tsaya ta yi 'yar dariya sannan ta ci gaba. Injiniya ya yanke wurin ya ajiye shi a gefe.

Da yamma Babban ya zo gida daga shago, hannunsa duk baƙin mai. Ya ji yadda ake ciki, ya ajiye cokali.

"Baba, ni fa ban gane ba. Makullin ofis yana aljihunka. Memorin ajiye fayil ga shi nan ko'ina ana sayarwa. Ka kwafe duka tamanin da huɗun ka sa a akwati, wa zai sani? Mu za mu kai wa banki rahoton mutanen?"

"Ba za mu kai ba."

"To?"

"In na mutu fa? Akwatin wa zai buɗe?"

"Ni."

"Kai da ka kai wayarta wurin mai gyaran rediyo."

Babban ya sunkuyar da kai. Baba ya ji nauyin maganar tun kafin ta gama fita, amma ta riga ta fita. Umma ta tura wa ɗan nata kwano ta ce ya ci abinci, ta ce wa mijin shi ma ya ci, kowa ya bar wa cikinsa. Bayan an kwashe kwanuka Baba ya bi shi har bakin ƙofa ya riƙe masa babur yana tayarwa, abin da bai taɓa yi ba.

Ranar Alhamis ya kai wa Farfesa zancen daƙiƙa arba'in ɗin. Farfesa ya saurara, ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo.

"Takardar cewa ta yi a goge fayil tamanin da huɗu. Tamanin da huɗu zan ƙirga. Abin da ke gefe ban gan shi ba, ba kuma zan tambaya ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Kada ka gaya wa ɗalibaina. Lacca ɗaya gare ni mai kyau."

"Akwai kuma uwarta, ranka ya daɗe. Ba ta taɓa ji ba."

"Gobe ina da taro daga sha ɗaya zuwa ɗaya. Ba na sanin masu shiga da fita idan ina taro."

Umma ba ta taɓa hawa benen nan ba a shekara ashirin da tara. Ta zo ranar Juma'a da sha ɗaya da kwata, cikin mayafinta na zuwa unguwa, tana hutawa a kowace matakala ta biyar saboda gwiwa. Sakatariya ta tare ta a sama ta rusuna har ƙasa, ta ce, "Sannu da zuwa, Umma, yau dai mun ga mai Baba." Umma ta ce, "Ku ne masu shi, ni kwana kawai yake zuwa yi." Ta tsaya a ƙofar ofishin tana kallon teburin, da tagar, da kujerar da ta lotsa daidai jikinsa.

"Nan ne?"

"Nan ne."

"Na ɗauka ya fi haka girma."

Ya zaunar da ita a kujerarsa. Ta sassauta ɗankwali ya sa mata hedifon, ya rage ƙara kaɗan don kada ta firgita, ya danna. Shi ba ya ji, amma ya san kowace kalma da inda take numfashi, yana bin ta a fuskar matarsa.

"Sannu, Mama, ina wuni. Ni ɗaliba ce daga jami'a, muna bincike ne a kan yadda bankuna ke karɓar koken mutane. Ba dole ba ne ki amsa, kuma duk inda kika ce a tsaya za a tsaya. Ba za a rubuta sunanki ba." Nan mai tallan ya wuce, ta yi dariyarta. "Yi haƙuri. Wannan abin da ke hannuna yana ɗaukar murya, amma da an gama aikin za a goge, ba wanda zai sake ji. Kar ki damu, Mama, ai ni ma muryata tana ciki. Tare za a goge mu. Na yi miki alkawari."

Umma ba ta motsa ba. Ta ɗaga yatsa ɗaya, ya sake kunnawa. Ta sake ɗagawa. A na huɗu ta sa hannu biyu ta danne hedifon ɗin a kunnuwanta, idonta a rufe, leɓenta yana bin maganar. Sau bakwai ta ji. Sannan ta cire da kanta ta ɗora a cinya.

"Wannan na ƙarshen, kai ka rubuta mata?"

"Wanne?"

"Tare za a goge mu."

"A'a. Babu shi a takarda. Ita ta ƙara."

"Ga kowa take faɗa?"

Ya yi tunani, don ba ya son ya ba da amsar da ba daidai ba. "Ban da uku na farko. Daga ta huɗu har ta ƙarshe."

Sau tamanin da ɗaya ya ji jimlar, sau tamanin da ɗaya ya buga ta da hannunsa, har da ayar ƙarshe. Amma wata goma sha ɗaya murya yake saurare, yadda take jan "Mama," yadda take haɗiye ƙarshen "alkawari." Sai yanzu da matarsa ta faɗe ta da bakinta, a sarari ba daɗin murya, ya ji abin da jimlar ke cewa.

"Farfesa ya ce ba zai tambaya ba," ya ce a hankali. "Matar da aka yi hirar da ita ba ta yi magana a ciki ba. Ba a cuci kowa ba."

"Na ji."

"Za mu iya sa miki a waya. Duk lokacin da kika so."

Umma ta shafa hedifon ɗin da tafin hannu kamar mai lallashin jariri. Ta daɗe.

"Malam, in muka tafi da shi, kullum na kunna zan ji ta tana cewa za a goge, ga shi ba a goge ba. Kullum da safe in tashi in ji 'yata tana yi wa wata baiwar Allah ƙarya." Ta girgiza kai. "Ba ta yi ƙarya tana da rai ba. Ni ba zan iya sa ta yanzu ba. Kai in za ka iya, ka ajiye a inda ba zan sani ba. Ba zan tambaye ka ba."

Kowa ya ce ba zai tambaye shi ba. Ya tsaya a bayan kujerar yana neman wata hanya, irin neman da ya yi tun Litinin. Ya ce a ransa a yanke jimlar ƙarshe a bar sauran. Amma sauran ma cewa suke za a goge, ba wanda zai sake ji. A yanke wannan ma, a bar gaisuwa da dariya, daƙiƙa shida. Ya san yadda ake yi, ya ga Injiniya yana yi. Sai dai shekara talatin da uku bai taɓa cire wa mutum kalma don maganarsa ta yi daɗin ji ba, kuma bai san yadda zai fara da ita ba.

"Ki ƙara ji," ya ce.

Ta ƙara sau biyu. Shi ma ya karɓa ya ji sau ɗaya a tsaye.

Ƙarfe biyu da rabi Injiniya ya shigo, ba raha a bakinsa. Farfesa ya tsaya a ƙofa da takardar. Aka buɗe jakar fayilolin aka ƙirga, tamanin da huɗu. Injiniya ya zaɓe su duka, ya dubi Baba.

"Da na gefen," in ji Baba.

"Baba..."

"Da shi."

Kwamfutar ta tambaya ko an tabbata. Injiniya ya danna. Bai kai minti ɗaya ba. Aka bi ta rikoda da ta ma'ajiyar cibiya aka yi musu haka. Farfesa ya sa hannu, Injiniya ya sa, Baba ya sa nasa a layi na uku ya rubuta kwanan wata da lokaci, biyu da minti arba'in da ɗaya. Farfesa ya ce wa Baba ya tashi haka nan ya raka Umma gida.

Suka sauko a hankali, tana dafe da ƙarfen bene yana riƙe da jakarta. Daga ginin zuwa bakin ƙofar jami'a tafiyar minti goma ce, suka yi ta a ashirin. Ɗalibai suna wucewa suna gaishe shi yana amsawa. A wurin jiran mota suka sami benci rabinsa a inuwa, ya ba ta inuwar.

"Malam."

"Na'am."

"Kai ka fi ni jin ta. Yi min yadda ta ce 'yi haƙuri' ɗin nan, bayan ta yi dariya."

Ya gyara murya. Yana jin abin a kansa sarai, da ɗan hawan da ke tsakiya da yadda ƙarshen ke faɗuwa. Ya buɗe baki ya faɗa. Muryar dattijo ce ta fito, mai kauri, da ɗan kakari.

Umma ta auna shi da kunne.

"Ba haka ba ne."

"Na sani."

"Sake gwadawa."

Ya sake. Mota ta zo ta tsaya, mutane suka shiga, ta tashi ba su.